BABI NA UKU: TARIHIN ƘA'IDOJIN KIƊA, TARO DA ƘARAR GINE-GINE A BIRNIN KANO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ire-iren bukukuwa da tarurrukan da ake yi a birnin Kano. Wannan babi kuwa zai bi diddigin yadda hukumomi daban-daban suka yi ƙoƙarin sa wa ƙara linzami a birnin, tun daga zamanin jihadi har zuwa dokokin muhalli na yau. Abin da ake nufi da ƙara a nan shi ne duk wani sauti da yake tsallake katangar mai shi ya shiga gidan maƙwabci, ko na ganga ne, ko na lasifika, ko na injin buga bulo. Za a ga cewa a mafi yawan wannan tarihi hukuma ba ta damu da ƙarfin sautin ba, abin da ta fi sa wa ido shi ne wanda ya yi shi, da wurin da ya yi shi, da kuma abin da ya faɗa a cikinsa.

3.1 Kafin Zuwan Turawa

A tsarin sarautar Hausa kayan kiɗa da na busa ba daidai suke ba. Tambari na sarki ne, haka kakaki, kuma talaka komai dukiyarsa ba ya sa a kaɗa masa tambari a ƙofar gida. Mahauta suna da kalangu, manoma suna da gangar noma, maƙera da maharba da 'yan dambe kowa da irin kiɗansa. Wannan rabo shi ne doka ta farko a kan ƙara, ko da yake ba a rubuce take ba. Wanda ya ji sauti daga nesa ya san na wane ne, ya kuma san ko mai shi ya wuce gona da iri.

Da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ɗaga tutar jihadi a 1804, kiɗa yana cikin abubuwan da ya soki sarakunan Haɓe a kansu. A cikin littafinsa Kitabul Farƙi ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana ba da wata manufa ta shari'a ba a cikin halayen mulkin da ya saɓa wa Musulunci, sannan ya nuna cewa akwai inda aka yarda a kaɗa, kamar tara runduna, ko sanar da tashinta da saukarta. Ma'aunin dai shi ne manufa. Kano ta shiga hannun masu jihadi a 1807, to amma kiɗan fada bai mutu ba. Bayan da Sarki Ibrahim Dabo ya hau mulki a 1819 ya dawo da yawancin sarautu da al'adun gidan Rumfa, masarta suka ci gaba da sana'arsu, malamai kuma suka ci gaba da ƙorafi. Wannan ja-in-ja tsakanin fada da zauren malamai bai taɓa ƙarewa ba.

Batun gine-gine da sana'o'i kuwa yana ƙarƙashin wani babi ne na fiƙihun Malikiyya, wato babin hana cutar da maƙwabci. Alƙalai sun san shi ta littattafai irin su Tuhfa ta Ibnu Asim, kuma alƙalin Gwandu, Idrisu ɗan Halidu, ya tattara hukunce-hukunce irin waɗannan a ƙarni na 19, waɗanda suka shafi katanga, da magudanar ruwa, da taga mai leƙa gidan wani. Abin sha'awa a nan shi ne yadda malaman Malikiyya suka bambanta ƙara da girgiza. Da yawa daga cikinsu suna ganin ƙara ita kaɗai ba ta isa a hana mutum sana'arsa ba, domin neman abinci ne, amma idan bugun yana girgiza bangon maƙwabci to ya zama cuta, sai a hana. Ibnu Rami, wani magini ɗan Tunis da ya rayu a ƙarni na 14, wanda alƙalai suke aikawa ya duba rigingimun gini, ya bayyana wata dabara ta gwaji: a rataye takarda da zare a jikin rufin da ya dogara a kan bangon da ake gardama a kai, a zuba mata ƙananan ƙwayoyi busassu, sannan a ce wa mai dutsen niƙa ya fara aiki. Idan ƙwayoyin sun motsa, to an tabbatar da cuta. Wannan, a iya cewa, shi ne awon da fiƙihu ya sani kafin zuwan na'ura.

A Kano ta wancan lokaci ba a cika kai irin wannan ƙara gaban alƙali ba sai ta gagari mai unguwa, kuma tsarin birnin kansa yana rage rigimar. Masu sana'a iri ɗaya sukan zauna wuri ɗaya, kamar yadda sunayen unguwanni irin su Dukawa da Soron Ɗinki suke nunawa. Masu bugu, waɗanda suke dukan rinannen tufafi da manyan itatuwa har ya yi sheƙi, suna kusa da karofi ne, kuma wanda ya zauna kusa da su ya san abin da ya zaɓa. Ginin ƙasa shi kansa ba shi da hayaniya. Kwaɓa ƙasa da ƙafa ake yi, tubali da hannu ake mulmula shi, azara kuma jera ta ake yi. Ana yin aikin da rani, daga hantsi zuwa la'asar. In ma an ji ƙara a wurin gini to ta makaɗa ce, domin gyaran ganuwa da manyan ayyuka gayya ake yi musu, a kaɗa wa ma'aikata don su ji ƙarfi. Wato a wancan zamani aikin gini da taron jama'a sukan zama abu guda.

3.2 Bariki da Birni

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari a wajajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, sannan dokar garuruwa ta 1917 ta sa wajen ganuwa a ƙarƙashin majistare Bature, birni kuma ya ci gaba da zama a hannun Sarki. A tsarin Gwamna Lugga dole ne a bar fili mai faɗin yadi 440, wato rubu'in mil, tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa, ba a gina komai a cikinsa. Babban dalilin da aka bayar shi ne sauro da zazzaɓi, da kuma gobara. To amma Lugga da kansa ya ƙara da wani dalili, cewa filin zai hutar da Turawa daga kaɗe-kaɗe da hayaniyar 'yan ƙasa da suke hana su barci.

Wannan shi ne karo na farko da aka ɗauki sautin Bahaushe a matsayin abin damuwa saboda ƙararsa kawai, ba don ya saɓa wa shari'a ko ya taɓa darajar sarauta ba. Maganin da aka yi masa kuma nesantawa ne. Ba a ce a rage kiɗa a Fagge ko a cikin birni domin mazauna wurin su huta ba, an dai ja wa Nasarawa da Bompai iyaka. Shiru ya zama haƙƙin wanda yake zaune a Bariki. Har yanzu inuwar wannan tsari ba ta gushe ba, domin mazaunin unguwar masu hali shi ne ya fi saurin samun mai saurarensa idan ya kai kukan hayaniya.

Abin mamaki kuma, gwamnatin da ta gudu daga ganga ita ce ta kawo lasifika. A 1944 aka kafa rediyon waya a Kano, aka ɗaura lasifikoki a wuraren taruwar jama'a kamar ɗakin karatu da gidan waya da kusa da majalisar Sarki, domin mutane su ji labarin yaƙi da sanarwar hukuma. Mai wucewa ba shi da ikon kashe ta. Gidajen silima na lokacin ma ba su da rufi, kamar Rex da aka buɗe a 1937, saboda haka sautin fim yakan kai gidajen da ke kewaye. Da aka buɗe silimar Palace a cikin birni kusa da kasuwar Kurmi a 1951 an yi babbar rigima, amma hujjar masu adawa ita ce lalata tarbiyya da shigo da alfasha cikin ganuwa. Ba a tsaya a kan batun hana barci ba.

3.3 Takardar Izini a Hannun En'e

Ikon da dokokin En'e suka ba sarakuna, musamman dokar 1954 ta Jihar Arewa, ya haɗa da kafa ƙa'idoji domin zaman lafiya a ƙasarsu. A ƙarƙashin wannan iko ne aka riƙa neman makaɗa da maroƙa da masu shirya wasa su karɓi takardar izini, wadda jama'a suke kira famit, kafin su tara mutane. 'Yan doka su ne masu zagayawa su tashi wasan da ba shi da takarda ko wanda ya wuce lokaci. Akwai dalili na gaskiya a bayan wannan, domin wasu maroƙa sukan tsaya a ƙofar gidan mutum su yi ta zambo da habaici har sai ya biya su sun tafi, kuma attajirai da ma'aikata sun gaji da haka.

Sai dai takardar izini wuƙa ce mai kaifi biyu. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a ranar 8 ga Agusta, 1950, sai ikon ba da izinin taro ya koma makamin siyasa. Hakimai da manyan ma'aikatan En'e mafi yawansu 'yan NPC ne, kuma a wurinsu ne ɗan NEPU zai je neman izinin yin lacca. Sau da yawa akan hana, ko a ba da wuri can bayan gari, ko a ba da lokacin da ba mai zuwa. Wanda ya yi taro ba izini, ko ya rera waƙar da aka fassara da zagin sarauta, sai ya tsinci kansa a gaban alƙali, alƙalin kuma ma'aikacin En'e ne. Mawaƙan siyasa na ɓangarorin biyu duk suna da zafin baki, amma ba duka ake kamawa ba.

Rikicin Kano na watan Mayu, 1953 ya nuna nauyin wannan takarda. Tawagar jam'iyyar Action Group ƙarƙashin S. L. Akintola ta shirya taro a Sabon Gari domin neman goyon bayan samun mulkin kai a 1956. Bayan zanga-zangar adawa da zuwansu, En'e ta janye izinin taron. Duk da haka jama'a sun taru a ranar 16 ga wata, faɗa ya ɓarke ya yi kwana huɗu, kuma ƙididdigar hukuma ta ce mutum 36 ne suka mutu. Tun daga nan hukumomi suka riƙa kafa hujja da wannan rikici duk lokacin da suke son hana taro, ko da taron bai ɗauko hanyar fitina ba.

A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babin En'e. Ikon izini bai mutu ba, hannu kawai ya sauya. Dokar kiyaye zaman lafiya ta 1979 ta ɗora shi a kan gwamna, wanda yakan wakilta 'yan sanda. A Kano ɗin dai aka sake gwada ƙarfin wannan doka, lokacin da 'yan sanda suka tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP da barkonon tsohuwa a watan Satumba na 2003 bisa hujjar rashin izini. Dokta Chuba Okadigbo, wanda ya halarci gangamin, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Jam'iyyu suka kai ƙara, kuma a watan Disamba na 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cewa sharaɗin neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki. Shekara 57 ke nan bayan kafa NEPU.

3.4 Zamanin Siminti da Lasifika

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuma a zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya yi mulki har 1975, aka shiga gine-gine ba kama hannun yaro. Kuɗin man fetur ya kawo 'yan kwangila, masana'antu suka bazu daga Bompai zuwa Sharaɗa da Challawa, bulo da rodi da kwano suka kori tubali da azara. Da su ne wasu sababbin sautuka suka shigo unguwa: injin buga bulo, injin kwaɓa kankare, tifa mai juye yashi, mai walda da mai yankan ƙarfe, sannan janareta, wanda rashin tsayayyar wutar lantarki ya mayar da shi abokin kowane aiki. Ginin zamani ba ya jiran rani, kuma ranar da ake zuba kankaren bene ba a tsayawa sai an gama ko da dare ya raba, domin in aka bari ya sha iska a tsakiya aikin ya samu rauni. Tsohon tsarin da ya ware wa kowace sana'a wurinta ya rushe, aka wayi gari mai injin markaɗe da mai walda suna jingine da bangon ɗakin kwanan wani.

A daidai wannan lokaci lasifika ta yi araha. Masallatai suka ɗaura, majami'u a Sabon Gari suka ɗaura, masu sayar da kaset da masu maganin gargajiya a tasha suka ɗaura. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, gasar wa'azi tsakaninta da 'yan ɗariƙu ta ƙara yawan lasifikoki, domin kowane ɓangare yana son muryarsa ta rufe ta ɗan'uwansa. A nan ne batun ya fi wuyar taɓawa. Mutumin da zai iya fita ya yi wa mai injin bulo magana ba zai iya buɗe baki a kan lasifikar masallacin unguwarsu ba, ko da kuwa yana da majinyaci a gida, don gudun kada a ce yana ƙin addini. Ƙurar da ta tashi a Jihar Kaduna a 2016, lokacin da gwamnati ta kawo ƙudurin da ya haɗa da taƙaita amfani da lasifikar wa'azi da dare, ta isa misali, domin Musulmi da Kirista duk sun samu masu adawa da shi.

3.5 Shigowar Awo

Dokar muhalli ta zamani a Nijeriya ta samo asali ne daga wani abu da ba shi da alaƙa da ƙara. A 1988 aka gano an jibge guba daga Italiya a garin Koko, wannan ya sa gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar FEPA da doka mai lamba 58 a wannan shekara. Ƙa'idojin da ta fitar a 1991 sun taɓa batun ƙara, amma ta fuskar ma'aikacin masana'anta, inda aka ce kada ya wuce awa 8 a cikin ƙarar da ta kai desibel 90. Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti, kuma hawansa ba irin na mudu ba ne: ƙarin desibel 10 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau goma. Hirar mutum biyu tana kusa da 60.

A 2007 aka kafa hukumar NESREA, kuma a 2009 ta fitar da ƙa'idoji na musamman a kan ƙara. A cikinsu an raba yini gida biyu, rana daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, dare kuma daga 10 zuwa 6. An ƙayyade wa unguwar zama zalla desibel 50 da rana, 35 da dare, unguwar da ta haɗa gidaje da kasuwanci kuma 55 da 45. Wurin gini an ɗaga masa zuwa 75 da rana, 65 da dare, sai dai in yana kusa da asibiti ko makaranta, a nan an rage. An kuma tanadi hanyar neman izini ga wanda aikinsa zai wuce iyakar, da tara ko ɗauri ga wanda ya karya. A karo na farko ke nan doka ta auna sautin mai wa'azi da na makaɗi da na ɗan kwangila da mudu ɗaya, ba tare da tambayar abin da suke faɗa ba.

To sai dai wanda ya san Kurna ko Brigade ko Ɗorayi ya san cewa desibel 35 da dare abu ne da janaretan maƙwabci ɗaya ya isa ya rushe shi. Dokar da kusan kowa yake karyawa kullum tana da wuyar aiwatarwa, kuma hukumar tarayya mai ofishi ɗaya a jiha ba za ta iya bin lunguna da na'urar awo ba. Jihar Legas ta gwada nata ƙarfin ta hannun hukumar LASEPA, wadda a 2016 ta rufe majami'u da masallatai da otal-otal da dama saboda ƙara. Kano ba ta bi wannan hanya ba.

3.6 Hisba, Gidajen Biki da Mai Unguwa

Hanyar da Kano ta bi ta fi kama da ta Kitabul Farƙi fiye da ta NESREA. Bayan ƙaddamar da shari'a a 2000, an kafa hukumar tace fina-finai a 2001, sannan aka ba Hisba doka a 2003 a zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Waɗannan hukumomi ne suka fi shiga harkar bukukuwa. Sukan tashi gala da casu, su ƙwace kayan sauti, su ja kunnen masu gidajen biki, kuma a 2025 hukumar tace fina-finai ta hana shagalin da ake kira ranar ƙauyawa. 'Yan sanda su ma sun sha dakatar da tashe a watan azumi saboda 'yan daba da suke fakewa da shi. A duk waɗannan hujjar ita ce cuɗanyar maza da mata, ko shigar banza, ko tsaro. Maƙwabci yakan samu barci idan an tashi wasan, amma ba don shi aka tashi shi ba, shi ya sa taron da babu rawa a cikinsa zai iya kwana da lasifika ba wanda ya ce uffan.

Ƙarar gini ita ce ta zama marainiya a cikin wannan tsari. Ba ta taɓa tarbiyya ba balle Hisba ta shigo, ba ta taɓa siyasa ba balle 'yan sanda su damu. Hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, idan ta zo wurin gini abin da take dubawa shi ne takardar amincewa da zane, da ko an ci hanya ko magudanar ruwa. Saboda haka mutumin da aka kafa wa injin bulo a jikin katanga yakan koma inda kakansa ya je, wato wurin mai unguwa ko limami. A can za a kira mai injin, a roƙe shi ya kashe lokacin salla, kada ya tayar kafin gari ya waye, ya kuma matsar da shi daga jikin bango. In ya ƙi, aka kai ga kotun shari'a, abin da ya fi ƙarfafa hujjar mai ƙara shi ne ya nuna tsagewar da girgizar injin ta yi wa bangonsa.